Ranar da Malam Ya Yi wa Karenmu Wanka

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya taɓa wata ranar damina a gidanmu na Aujara, a shekarun da aka fara maganar shari'a a jiharmu. Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina ji da kaina, tunda na yi sakandare a Dutse gani nake babu abin da ban sani ba.

Muna da wani jan kare mai gadin tumakinmu. Shekararsa shida tare da mu, ko ɗan rago ba a taɓa sace mana ba. Amma iyakarsa bayan katanga. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, shi ne limamin unguwa, kuma in zai wuce ta kusa da karen nan tattare rigarsa yake yi. Tuwo dai yakan sa a kai masa kullum, shi ke nan.

A daminar nan kaska ta cika karen, yana ta susa har kunnuwansa suka yi jini. Tausayi ya kama ni, sai wata dabara ta faɗo mini: maganin feshin wakenmu yana kashe tsutsa, ai kuwa zai kashe kaska. Ban tambayi kowa ba. Na zuba murfi uku a bokiti, na ɗaura leda a hannu, na jiƙa shi sharkaf tun daga wuya har wutsiya. Bawan Allah, har kaɗa mini wutsiya yake yi.

Ba a yi awa guda ba ya taho yana tangaɗi, ya faɗi a ƙofar gidanmu, jikinsa na karkarwa, kumfa na zuba daga bakinsa. Wata maƙwabciyarmu ta kwarma ihu, "Jama'a, kare ya haukace!" Nan da nan maza suka fito da gorori, mata na janye 'ya'yansu. Ni kuwa ina tsaye, na san gaskiya, amma bakina ya ƙi buɗewa. Tunanin dariyar da za a yi wa ɗan boko kawai nake yi. Har yau in na tuna wannan tsayuwar sai kunya ta rufe ni.

Ana haka Malam ya dawo daga sallar Azahar cikin farar riga.

"Ya ciji wani?" in ji shi.

"Bai kai ga haka ba, Allah gafarta Malam," in ji wani dattijo, "amma dubi kumfar nan."

Malam ya daɗe yana kallon karen, sannan ya ce, "To, in hauka ne, babu yadda muka iya." Dattijon ya ɗaga gora. Karen ya juyo da idonsa ya dube ni, ni da na yi masa wannan aika-aika.

"Baba, ba hauka ba ne!" na faɗa da ƙarfi. "Ni ne. Da maganin wake na wanke shi."

Na zaci mari zan sha. Malam ko kallona bai yi ba, ya ce mini, "Jeka rijiya ka yi ta kawo ruwa, kada ka tsaya sai na ce. A faɗa wa innarka ta ba da sabulun salo da manja." Ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙa wa mai gorar ya riƙe, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya durƙusa cikin taɓo.

"Malam, kare ne fa," wani ya ce a hankali.

"Na gani. Hannu ai ana wanke shi."

Ina jan guga ina kawowa, yana cuɗa sabulu yana ɗaurayewa, har warin maganin ya bar gashin. Ya buɗe masa baki da yatsunsa ya ɗura manja. Daga nan ya ɗora kan karen a gwiwarsa, yana cire kaskar kunne ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a toka, yana cewa, "Sannu. Yi haƙuri, sannu." Da wannan muryar yake mana magana in muna zazzaɓi. Ina zuba ruwa hawaye na bin fuskata, ban ma damu da wa ke gani ba. Da ya gama ya tsane shi da tsohon buhu, ya shiga gida ya yi wanka ya sake kaya, ya ja La'asar, masu gororin nan na bayansa a sahu.

Kwana biyu karen yana kwance a inuwar zaure. Rana ta uku ya miƙe ya lashe kunun da Inna ta ajiye masa. A ranar ne Malam ya kira ni, ya ce, "Maganin nan kuskure ne, alheri ka nufa. Shirun da ka yi ne ya ba ni tsoro."

Tun daga ranar na gane cewa in ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri tun ana iya gyarawa, domin kunyar da kake gudu wani ne zai biya ta, kuma sau da yawa wanda ba shi da bakin magana ne.