Ƙunshin da Aka Yi wa Inna a Dar Salam

Mun tashi daga ƙauyenmu na kusa da Sinnar ana idar da sallar asuba, ni da Inna. A jakata akwai takardun asibitinta, rula, da ƙaramin littafin da nake rubutu a ciki. A tata jakar akwai kwalbar bitamin D, a naɗe cikin hankici.

Ga waɗanda ba su sani ba, bara aka yi wa Inna aiki a tafin ƙafarta ta hagu a Khartoum, aka yanke wani baƙin tabo da likita ya ce sankarar fata ce, melanoma. Ya ce ta riƙa dawowa duba duk bayan wata uku. Sau ɗaya ta koma. Bayan nan wani ɗan uwanmu da ke aiki a Saudiyya ya aiko mata da ƙwayoyin bitamin D, ya ce ya ji suna hana cutar dawowa. Inna ta riƙe su hannu biyu, ta ce tunda magani yana gida, wahalar mota ta ƙare. Ni kuwa da na dawo hutu daga jami'a, ina shafa mata mai, na ga wani ɗigo baƙi kusa da tabon aikin. Na auna shi, na ɗauki hotonsa da waya, na rubuta. Bayan sati biyar ya ƙaru kaɗan. Na ɗauki kwanaki kafin na iya faɗa wa Baba.

Hanyar Madani na nan da ramukanta. Sau uku aka tsayar da mu a shingen sojoji, ana duba katin kowa, sau uku Inna ta miƙa katin asibiti maimakon katin ɗan ƙasa. A Hasahisa muka ci ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya mai kama da ƙosai. Burodin ya ƙanƙance har Inna ta ce nan gaba sai dai a riƙa haɗiye shi da ruwa kamar ƙwayarta. Na yi dariya, amma idona yana kan ƙafar. A kowane gidan mai motoci sun yi layi har kan kwalta.

Mun shiga Khartoum bayan azahar, muka haye gadar Farin Nilu zuwa Umdurman, daga nan raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta kai mu Dar Salam, gidan ƙanwar Inna, wadda muke kira Hala. Gidajen unguwar na jan laka ne, jakuna na jan gangunan ruwa a tsakanin lunguna. Hala ta tarbe mu da kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, ta dafa jabana, wato gahawa, maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa.

Washegari da safe Inna ta girgiza kwalbarta ta ce ƙwayoyin sun kusa ƙarewa, in je Kasuwar Libiya da ke nan Umdurman in nemo irinsu. Na so in ce mu bari sai mun ga likita gobe, amma ba na iya musu a gaban mutane. Na tafi da 'yar Hala. Kasuwar ba ta da iyaka: takalma, wayoyi, mayafan mata da ake kira tob a rataye, ƙamshin agashe ta kowane gefe. Kantin magani na huɗu ne ya samo mana irin kwalbar. Mai kantin ya tambaya ko an taɓa auna jinin mai shan, na ce a'a, ya ɗaga gira ya miƙo min kwalbar.

Da muka dawo bayan la'asar, na tarar da Inna a kan gado a tsakar gida, ƙafafunta biyu a kan matashi, mata uku kewaye da ita. An yi mata ƙunshi, tafin ƙafa gaba ɗaya, har an sa na biyu don ya yi baƙi sosai. Hala ta ce ba za ta bar yayarta ta shiga Khartoum da farar ƙafa ba alhali mijinta na raye, mutane su ce ba ta da dangi a Umdurman.

Na tsaya da leda a hannu. Da ƙyar na ce, "Hala, ƙafar ce za a duba gobe."

"To, ai shi ya sa muka gyara ta, 'yar boko," in ji ta, matan suka yi dariya.

Muka wanke da sabulu, muka goga lemun tsami. Ɗigon ya ɓace cikin baƙin lalle, ko ni da na san wurinsa ban iya ganinsa ba. Ban ci abincin yamma ba.

Washegari a asibiti mun zauna tun safe har rana ta take. Likitan ya ɗaga ƙafar, ya dube ta, ya dube mu, ya sauke numfashi. Ya ce lalle irin wannan yana ɗaukar makonni kafin ya goge, kuma da ido ba zai iya cewa komai ba. Ya tambayi Inna me ya hana ta zuwa duk watannin nan. Inna ta kwance hankici ta nuna masa kwalbar.

"Ya Hajja," ya ce, "wannan yana da amfani ga ƙashi idan jikinki ya rasa shi. Amma ba a ga yana hana cutar nan dawowa ba. Abin da ke taimaka miki shi ne a gan ta da wuri."

Ya fara rubuta mana ranar dawowa bayan wata ɗaya. Sai na miƙa masa littafina da wayar. Ya daɗe yana duba hotunan. A littafin na rubuta nisan ɗigon daga ƙarshen tabon aiki da kuma daga diddige. Ya karɓi rulata ya auna a ƙafar, ya laluba da yatsa, ya ce ya ji ɗan tauri a wurin. Ya duba matsematsinta ko akwai kaluluwa, babu. A ranar ya yanke wurin ya aika a gwada, aka kuma ɗebi jininta.

Kwana goma sha biyu muka yi a Dar Salam muna jira. Na zo da littattafai uku, ban gama shafi goma ba. Hala ba ta ƙara zancen ƙunshin ba, sai dai kullum ita ke ɗaukar Inna zuwa bayan gida don kada ta taka ƙafar. Ranar da sakamako ya fito ita ta riga mu shiga raksha.

Cutar ce ta dawo. Likitan ya ce ƙarama ce, hoton da aka yi bai nuna ta bazu ba, amma za a ƙara yanke gefen wurin wata mai zuwa. Bitamin D na jininta ya yi ƙasa kaɗan, don haka ya ce ta ci gaba da sha, bisa adadin da ya rubuta, kada kuma ta ɗauke shi a madadin zuwa asibiti.

Mun koma gida ta hanyar da muka zo, ƙafar Inna a kan cinyata har Sinnar. Abin da na koya shi ne shiruna ya kusa jawo mana asarar wata guda, bayan watannin da kwalbar ta ci. Har yanzu ban daina tsoro ba, aikin na gabanmu.

Jiya maƙwabciyarmu ta shigo da kwanon lalle, ana shirin bikin ɗanta. Kafin in buɗe baki Inna ta miƙa mata hannuwa biyu, ta janye ƙafafunta ƙarƙashin tob, ta ce, "Hannu kaɗai. Ƙafar ta likita ce da yarinyar nan."