Ƙasar Ƙofar Maƙwabciyata

Shekarun baya can, muna zaune a Al Wakrah ta ƙasar Qatar, aikina a ɗakin binciken jami'a shi ne farautar funfuna da ƙananan halittun da ke rayuwa a jikin saiwar itatuwa. In ɗebo ƙasa, in jiƙa, in shafa a 'yan farantai masu murfi, in zauna gadin abin da zai tsiro. Mahaifiyata ta ce duk karatun nan ashe na kiwon ruɓa ne.

Maƙwabciyata 'yar Zangon Kumasi ce, kuma ita kaɗai nake zuba Hausa da ita a unguwar. Ranar da na yi naƙuda ita ta riƙe min hannu har asibiti.

Wata safiya bayan an yi yayyafi na hango wani farin abu ya keto a gindin kurnar da ke bakin ƙofarta. Ni da rawar kai, ban ko yi sallama ba, na tsuguna da cokali na kwashi ƙasar a leda na wuce aiki. Ashe tana kallona ta taga. Wurin kuwa daidai inda 'yarta ke wasa ba takalmi.

A makon yarinyar ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Gaisuwa ta ɗauke. Na aika tuwo, ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. Na kasa zama, na kasa tsaye. In leƙa madubin bincike, in leƙa waya, in sake komawa madubin ban ga komai ba. Farantan kuma sun fitar da wata funfuna ruwan goro da ban taɓa cin karo da irinta ba.

Da abin ya ishe ni na je na buga mata ƙofa.

"Sista Dakta," in ji ta, idanunta jajir, "mun ci abinci kwano ɗaya, ki kwashe sawun 'yata?"

Na rantse, na nuna mata hotunan farantan a waya. Ta daɗe tana kallo.

"Ni ban san waɗannan ba. Yarinyata ba lafiya, shi na sani. Maido min ƙasata da duk abin da ya fito ciki, khalas, shi ke nan."

Na san ƙasar nan ba ruwanta da zazzaɓi. Amma yaya zan yi wa uwa lacca 'yarta na kwance? Na zuba farantan duka a tukunyar tururin da muke kashe ƙwayoyi da ita, na haɗa da sauran ƙasar na kai mata. Na yi kuka a mota, ban san ko na funfunar ne ko nata ba.

Tun daga lokacin na daina yi wa tsoron mutane dariya, ko da na san ba shi da tushe. Abin da har yau ke hana ni sukuni shi ne addu'ar da na yi ta yi, Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar, alhali na san fassarar da za a yi wa sauƙin.

Maganin likitoci ya kama, yarinya ta miƙe jim kaɗan da kai ƙasar. Uwar ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Na yafe miki."

Na ce, "Na gode."