Wasiƙar da Malam Bitrus Ya Karanta wa Baba

Malam Bitrus ya rasu.

Da safen nan ina shan shayi 'yarsa Rifkatu ta kira ni daga Kafanchan. Ta ce, "Anti, ya cika da asuba." Na ce ta faɗa mini sunan wanda ya cika. Wataƙila ta ɗauka tsufa ya taɓa mini kunne. Kunnena lafiya lau. Ni dai tun shekarun 1970 ba na karɓar labarin mutuwa sai an faɗa mini sunan mamacin.

Malam ne sanadin wannan, kuma yau zan faɗa. Mu biyu muka san maganar. Yanzu saura ni, kuma ta yi mini nauyi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koyar da ni a aji huɗu a ƙauyenmu, kusa da Madakiya. Shi kaɗai ke da akwati a gidan waya na Kafanchan, don haka akwatin ya zama na duk ƙauye. Kowace Juma'a zai hau keke ya kwaso wasiƙu, ya bi gida gida yana karanta wa waɗanda ba su yi boko ba. Ba ya buɗe wasiƙa a hanya. Sai a gaban mai ita, mutanen gida sun taru, sannan ya goge tabarau ya yaga ambulan.

Hausarsa irin ta gida ce, wadda muka tashi da ita tare da harshenmu. Mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Mama ya je kasuwa. Kaza ya yi ƙwai.

Ni kuwa na je jami'a a Zariya, na karanta Hausa, na dawo hutu ina gyara wa kowa baki. Har shi ban bari ba.

"Malam, mace 'ta' ake ce mata."

"To, Hausa Bakwai, mun ji. Kazan ma ya ji."

Sunan ya bi ni har yau.

Da na sami sukolashif na tafiya Kanada ƙaro karatu, Baba ya ce babu inda za ni. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, mai gaskiya, mai wuyar zama. In ya shigo gida, muryoyi su sauka. Mama takan haɗiye dariyarta a tsakiya in ta ji takunsa. Malam ya yi sati uku yana zuwa kowace yamma, ya zauna kusa da shi, su yi ta hirar citta da ruwan sama. Bai taɓa roƙonsa ba. A sati na uku Baba ya ce, "Ya tafi, in huta da ganinka."

Malam ya ɗaura akwatina a bayan kekensa ya tura har tashar jirgin ƙasa. A bakin jirgi ya tuɓe suwaitarsa ya ba ni, ya ce ya ji can akwai sanyi kamar na Jos.

Kamar na Jos. Allah ya jiƙan Malam.

Garin da aka kai ni yana tsakiyar fili, babu dutse ko ɗaya, sanyi kuwa har gashin hanci ke daskarewa. Mutanen suna da kirki irin na wanda ke riƙe maka ƙofa amma bai san sunanka ba. Abin da ke riƙe da ni shi ne shuɗiyar takardar nan da ake ninkewa ta zama ambulan da kanta. Mama ta faɗa, Malam ya rubuta. Sati biyu, wani lokaci uku, kafin ta iso.

A shekarata ta biyu, ana saura wata guda jarrabawa, aka kawo mini telgiram, wadda a lokacin muke ce wa waya. Har yau na haddace ta:

YA TAFI GIDA LAHADI AN BINNE KI YI HAKURI KADA KI DAWO BITRUS

Duk wanda ya tashi a coci ya san gidan da ake nufi.

Na karanta sau ɗaya na ce Baba ne. Ya girmi Mama da shekaru da yawa, kuma na baro shi da tari. Ga kuma "ya" ƙarara a gaban takarda. Ni da ke rubuta littafin digiri a kan Hausa, ina zan yi kuskuren wannan?

Na yi kuka, amma kukan da ya dace kawai. Sannan na zauna na rubuta wa Mama wasiƙa. A samanta na sa: Malam, don Allah ku karanta wa Mama ita kaɗai.

Ba zan kawo duk abin da na rubuta ba. Nisa yana sa mutum ƙarfin hali. Na ce mata shekara talatin tana tafiya a gidanta kamar baƙuwa, yanzu ta yi dariya har maƙwabta su ji. Na ce ban tuna ranar da Baba ya ce mini sannu ba. A ƙarshe na ce, "Na gode wa Allah da ya ɗauki wanda ya ɗauka, ya bar mini ke."

Na lashe, na manne, na jefa a akwati. Na ma ji na yi abin kirki.

Kwana goma sha uku bayan haka wata shuɗiyar takarda ta iso. Malam ya rubuta ta tun kafin wayar, ita ce ta makara a hanya.

"Mama ya faɗi a gonan citta. Mun kai shi asibiti a Kafanchan. Bai iya magana. Baba yana zaune wurinsa, bai ci abinci."

Ina tsaye a ƙofar hostal da takalmin ƙanƙara a ƙafata. Na karanta "mun kai shi" sau uku.

Ban san da wanne zan fara ba. Uwata ta mutu, an binne ta kusan sati biyu ina yi mata murna. Kuma wasiƙata tana kan hanya zuwa gidan makoki, wurin mutumin da na binne da hannuna alhali yana raye, za a buɗe ta a gabansa, a gaban dattawa da matan zumunta na coci.

Na ruga gidan waya. Baturiyar da ke wurin ta saurare ni da kyau, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta ce wasiƙar ta daɗe da barin ƙasar, ta yi mini fatan yini mai daɗi. Na buga wa Malam waya: KADA A BUDE WASIKATA. Sai na dawo ina ƙirga Juma'o'i. In wasiƙar ta yi sati uku, na tsira. In ta yi sati biyu, to gobe ne.

Babu tarho a ƙauyenmu. Babu wanda zan tambaya.

Na rubuta jarrabawar. Kada ku tambaye ni abin da na rubuta.

Sati biyar babu labari. Kullum in sauka in duba ramin wasiƙu, in ga babu komai, in rasa ko in ji daɗi ko in ji tsoro. A lokacin ne na gane ashe ina tsoron rasa Baba. Abin kunya ne a ce sai da na kashe shi a takarda sannan na gane.

Da amsar ta zo, layi uku ce, da hannun Malam, da bakin Baba: "Wasiƙanki ya zo. Na ji abin da kin faɗa. Ki gama karatu."

Shi ke nan. Ko fushi ne, ko yafiya, ko kora, ban sani ba. Baba da kalma uku yake yin duka ukun. Malam kuwa bai ƙara ko ɗigo a ƙasa ba.

Mutane suna cewa na daɗe a Kanada saboda son ilimi. Har a wajen bikin ritayata an faɗi haka, aka tafa. Gaskiya ita ce karatun da ya kai ni ya ƙare a shekara biyu. Shekara ukun da na ƙara, na nemi ƙarin digiri ne don kada in tsaya a gaban mahaifina. Sanyi ya fi mini sauƙi.

Da babu sauran abin karantawa, na dawo. Jirgi ya tsaya a Kafanchan, na leƙa taga na hango Baba, tsaye da sandarsa, ya rame. Malam yana gefe riƙe da keke. Ban sauka ba sai da na baya suka ture ni.

Na durƙusa. Baba ya dube ni ya ce, "Kin rame. Ba su da abinci ne?"

A gida, bayan baƙi sun watse, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, wanda bai iya karantawa ba amma ba ya zuwa coci sai da shi. Ya ciro wata takarda daga ciki ya miƙo mini.

"Karanta mini da bakinki. Malam ya karanta har ya gaji."

Na buɗe. Ba shuɗiya ba ce. Fallen littafin makaranta ne, kuma rubutun Malam ne.

"Baba, na ji Mama ya tafi gida. Na san gidan ya yi maka girma yanzu. Ka ci abinci ko ba ka so..."

Na karanta har ƙasa. Layin ƙarshe ya ce, "Na gode wa Allah da ya bar mini kai."

Baba ya juya fuska wajen bango. Sannan ya ce, "Ruwa ya jiƙa naki a hanya, shi ne Malam ya kofa mini. Amma abu ɗaya ya ba mu mamaki. A Zariya Hausanki ya lalace, ba a gane ki. Da kin je Kanada sai ya gyaru, kina magana kamar mutum."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Bai zama mai sauƙin zama ba, kada in yi masa ƙarya. Amma ni na yi jinyarsa, kuma da takardar nan a cikin Littafinsa muka binne shi.

Ni da Malam ba mu taɓa ta da maganar ba. Mu gaisa, ya ce Hausa Bakwai, in ce Malam, a wuce. Kusan shekara hamsin.

Sai watan jiya na je duba shi. Idonsa ya riga ya tafi, yana zaune a ƙarƙashin mangwaro da rediyo a cinya. Ya gane ni da murya. Na jira Rifkatu ta shiga ciki, na ce, "Malam, wayata ba ta zo ba ne?"

Bai tambaye ni wace waya ba.

"Ya zo. Juma'an gaba."

"To yaya kuka yi?"

"Gida cike. Fasto yana nan, dattawa suna nan, matan zumunta sun zauna har ƙofan gida. Babanki ya ce buɗe, mu ji abin da 'yan Turai ya ce. Na buɗe. Na ga layin farko, na ga na biyu. Sai na cire tabarau na fara gogewa. Ban taɓa goge tabarau kamar ranan ba. Fasto har ya ce ko in ba shi ya karanta."

"Kuka ce me?"

"Na ce rubutunki sai wanda ya koya miki."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ni ban iya ba.

Na ce, "Malam, kun yi wa dattijon ikilisiya ƙarya a gaban fasto."

Ya daina dariya. "Ni na buga wayan banza. Na ɗauka wasiƙana ya riga ya kai, kin san wanda ba shi da lafiya. Da na sa suna, da wane wasiƙa za ki rubuta wa babanki? Shi na karanta."

"Ba ku san ko zan rubuta haka ba."

"Aji huɗu na koya miki. Na sani."

Na tambaye shi inda tawa take, ta ainihin. Ya ce a ranar ya hura wuta da ita ya dafa shayi, kuma shayin bai yi daɗi ba.

Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna ya ce, "In na mutu kina iya faɗa. Amma ki jira in mutu tukuna, ba na son dattawa su kira ni mitin."

Na jira, Malam.

Ubangiji, ka san abin da bawanka Bitrus ya karanta ran nan da abin da ke rubuce a takardar. In akwai laifi a tsakani, nawa ne, kada ka ɗora masa. Ka karɓe shi cikin hutunka, ka ta'azantar da Rifkatu da 'yan'uwanta. Cikin sunan Yesu, amin.

Ku da kuka karanta har nan, Kirista da Musulmi, tsofaffin ɗalibansa da waɗanda ya taɓa karanta wa iyayensu wasiƙa, ba na neman ku rubuta mini komai a ƙasa. Ku tsaya minti ɗaya ku yi masa addu'a. In da sauran wuri a addu'ar, ku sa Mama, wadda ban yi wa kuka a kan lokaci ba, da Baba, wanda ya tafi yana ganin 'yarsa ta fi yadda take.