Ranar da Kindirmon Yaya Ya Yi Baƙi

Tsakiyar damina ce, ana ta marka, a shekarar da sabulu da madarar gwangwani suka zama sai an bi layi. Ruwa ya ci katangar gidanmu ta yamma. Kowa a Ƙofar Galadima fuskarsa a murtuke, in ka gaishe da mutum sai ya amsa maka da tsadar masara. Ni abin da ke raina daban ne: saura mako uku 'yata ta fari ta zauna jarrabawar fita daga kwalejin share fage, inda ta yi shekara biyu tana karanta kemistiri. In ta ci, sai jami'a. In ba ta zauna ba, shekara biyun sun bi ruwa.

Ni ajin yaƙi da jahilci na yi, sai da na haifi huɗu na iya rubuta sunana. Amma yarinyar ba ta raina ni ba. In ta dawo da la'asar, yatsunta sun yi rawaya, farar rigar aikinta duk ƙananan hudoji, sai ta zauna gefen murhu ta yi ta ba ni labarin abin da suka haɗa a ɗakin gwaji. Ba na kallonta, ba na tanka mata sosai, don 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa. Kunnena dai na wurinta. Wata rana ta ɗauko kwalbar aidin da muke sa wa ciwo, ta ɗiga a kan lomar tuwo, wurin ya rine kamar an tsoma shi a shuni. Ta ce duk abin da ke da gari a cikinsa haka yake yi. Na ce ta daina ɓarnar abinci. Da ta fita na rubuta a littafina.

A gidan akwai yayar mijina, wadda ta dawo bayan rasuwar mijinta. Kindirmo take kafawa tana sayarwa, kuma duk mai saye sai ta rantse masa: "Wallahi ko ƙwayar gari babu, daga ruga sai ƙwaryata." Shekara goma sha ɗaya ina ganinta tana dama ƙullun rogo a bayan ɗakin girki, tana zubawa don ya yi kauri. Ban taɓa buɗe baki ba. Asirin gida ne, kuma ina girmama ta.

Ran nan yarinyar tana ba ni labarin yadda suka bar ruwan sukari ya yi tsami, suka tafasa shi, tururin ya bi ta bututun gilashi ya sauko sifirit. Yaya na bakin rijiya tana ɗauraye ludayi. Kafin magariba ta kai wa mijina, Malam, cewa 'yarsa giya take dafawa a makaranta, da maza a gefenta.

Bai tambayi yarinyar ba. Ya shigo ya ce, "Daga gobe ta zauna gida."

Na bi shi ɗaki, na sassauta murya. "Malam, sifirit ne fa, irin wanda ake goga maka kafin allura."

"Yaya ta ce giya ce. Ita ta goya ni. Tunda na yi wayo ban taɓa kama ta da ƙarya ba."

Da na fito Yaya na zaune a tabarma tana murmushi. "Ke Amarya, ina ruwanki? 'Yar fari ce, mu ne iyayenta. Ki ja bakinki yadda kika saba, mu muka san tarbiyyarta." Shekara ashirin ina gidan, har ranar Amarya take kirana. Ta dogara da kunyata. Ta san a garinmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban dangin uba, sai a ce ba ta da kara.

Mako guda yarinyar na ɗaki, littafi a cinya, ba ta juya shafi. Ni kuwa na yi mako guda ina gaishe da Yaya da fara'a, ina kai mata ruwan alwala, ina dafa abin a cikina. Maganar Malam ce ta nuna mini hanya. Bai taɓa kama ta da ƙarya ba? To, zai kama.

Ranar Lahadi ba ya zuwa ofis, da hantsi yakan shigo gaishe ta. Na jira sai da maƙwabta uku suka zo da kwanoninsu. Na fito da ƙoƙo biyu. Ɗaya na cika shi da nonon da na saya wurin Bafillatana a ƙofar gida, ɗayan na miƙa wa Yaya.

"Yaya, a zuba mini. Ba gari dai ko?"

"Ji Amarya da sabon salo! Wallahi tallahi ko ƙwaya."

Malam na tsaye ya ji rantsuwar. Na ajiye ƙoƙunan a gabansa, na kwance bakin zanena na ciro kwalbar. Na ɗiga uku a na Bafillatana, ya ɗan yi ruwan ƙasa ya tsaya. Na ɗiga uku a na Yaya. Ya rine nan take, baƙi-baƙi, yana yaɗuwa har gefen ƙoƙon.

Wata maƙwabciya ta ce, "La ilaha illallahu!" ta ja kwanonta baya.

Yaya ta miƙe. "Asiri ne! Ita da 'yarta sun haɗa mini asiri!"

Na ce, "A'a Yaya, aidin ne, na ciwo." Na ɗauko ɗumamen tuwo na ɗiga, shi ma ya rine. "Gari yake nema, duk inda ya ɓuya. A makarantar yarinyar ake koyarwa."

Malam ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Ya ce, "Yaya, akwai gari?" Ta kama zancen goyon da ta yi masa. Ya sake tambaya. Ta shige ɗaki ta ja labule. Matan suka fice da kwanoninsu wayam, kuma na san kafin azahar labarin ya kai Tudun Jukun. Malam ma ya fita, bai janye maganarsa ba.

An ce na yi rashin kara. Har ƙanwata sai da ta zo ta yi mini faɗa, wai na tona asirin dattijuwa a kan 'yar fari. Na saurare ta, na ba ta fura. Yarinyar ta ci jarrabawarta ta wuce jami'a, Yaya kuwa ta koma sayar da ƙuli-ƙuli. Da ta kwanta ciwon ajali ni na yi jinyarta, na yafe mata kamar yadda addini ya ce. Amma in na tuna yadda baƙin nan ya yaɗu a ƙoƙo, har yau sanyi nake ji a ƙirjina, ba zan yi ƙarya ba.

Washegarin ranar da kindirmon ya yi baƙi, Litinin, na tashi yarinyar da asuba na ba ta koko. Na yafa mayafina, na sa ta a gaba. Malam na zaure da rediyonsa. Muka gaishe shi, ya amsa, ya duƙa yana murɗa tasha har muka wuce. Na raka ta cikin taɓo har bakin ganuwa, na tsaya sai da ta shiga bas. Da na dawo na nufi ƙofar Yaya, na yi sallama daga tsaye, na ce, "An tashi lafiya, Yaya? Yau ba a kafa kindirmo ba ne?"