Yadda Muka Je Kaduna Ɗauko Tukkun Mantau

Fita daga gida

Ranar wata Talata ce, a shekarar nan da sojoji suka koya wa kowa bin layi, har sabulu sai an tsaya masa. Ladan bai kira assalatu ba na riga na ɗaure ƙullina: farin ƙyalle sabo, goro, da kuka da daddawa na tsaraba. 'Yata Hajara ta rako ni har bakin zaure, da fitila a hannunta. A waje Sarkin Aska, wanzamin gidanmu, yana tsaye da zabirarsa a kafaɗa, yana mita wai mata ba su san sammako ba.

Ku da kuka taso daga baya, bari in gaya muku abin da ya fitar da tsohuwa kamata cikin wannan duhu. Hajara ta haifi huɗu, ta binne huɗu, babu wanda ya kai yaye. Da na biyar ya zo aka raɗa masa Iliyasu, mu kuma muka kira shi Mantau, ko mutuwa ta manta da shi. Ranar suna na ce wa Sarkin Aska ya aske kan duka, ya bar tukku a tsakiya. Na ɗauki alkawari ba za a taɓa shi ba sai ranar auren yaron, kuma askar da ta bar shi ita za ta cire shi, a tare gashin a farin ƙyalle, a binne shi bayan ɗaki inda aka binne mabiyiyarsa. Yaro kuwa ya rayu. Ya girma, ya tafi Kaduna aikin masaƙa, tukkun nan a kitse, a naɗe ƙarƙashin hula.

Sai ga wani direba ɗan garinmu ya zo da labari: hukuma ta kafa doka a kan sutura da gashi. Mace ba wando, ba gajeren buje, ba fita kai a buɗe. Namiji ba tara suma, ba askin rabi da rabi. An haɗa sojoji da wani kwamiti na malamai da dattawan coci, suna tare hanya, a cire maka hula, a sa almakashi nan take. Na je wurin liman, ya ce askewar ita ce daidai tun can, alkawarina kuwa in fanshe shi da sadaka. Ban yi masa musu ba. Amma Hajara, a ranta, ranar da gashin nan ya faɗi a titi aka tattake shi, ranar ɗanta zai bi 'yan'uwansa. To, ya zama dole mu riga almakashi isa.

Bakori zuwa Funtuwa

A-kori-kura muka samu, cike da buhunan barkono. Aka ɗora ni a gaba, Sarkin Aska a baya, tun daga Bakori har Funtuwa atishawarsa nake ji tana tafe da mu. Ni kuwa, duk da nauyin da ke zuciyata, ba zan ɓoye muku ba, ɗoki nake kamar yarinya ranar sallah. Iyakata a duniya Funtuwa, yau ga ni zan ga Kaduna.

A tashar Funtuwa muka yi asuba, muka sha koko da ƙosai. Ƙosansu ƙanana ne, ba su kai namu ba.

Funtuwa zuwa Zariya, da shingen hanya

Gari na wayewa muka shiga bas. Direban wani siriri ne mai bakin magana, ya sa ni kusa da taga ya ce, "Inna, nan ne kujerar manya, in kin ga abin mamaki ki taɓa ni in rage gudu." Na ga gonakin auduga har iyakar ido, na ga jirgin ƙasa da idona, na ƙirga wagununsa har na ɓace.

Da hantsi muka ratsa Zariya. A Samaru wasu 'yan makaranta biyu suka shigo: budurwa da wando kamar namiji, da saurayi mai suma tsiri guda, kamar ya kifa ƙwarya baƙa a ka. Muna fita gari direba ya tsaya, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin kujera. Ashe zannuwa ne da ɗankwalaye yake bayarwa haya, sule biyar zuwa bayan shinge. Budurwar ta ɗaura zane a kan wandonta, ta kasa kama bakinsa, ni na gyara mata. Saurayin kuwa direba ya ce ya jiƙa sumar da ruwa ya danne ta da matsattsiyar hula, in an cire za ta kwanta.

Muka iso shingen. Ganguna a jere, sojoji da bulala, wani malami da wani dattijo mai kwat suna zaune a benci. Aka ce maza su sauko su cire hula. Kan Sarkin Aska ya bayyana yana ƙyalli, soja ya wuce shi, sai dai ya sa ya buɗe zabira. Ga asake, ga ƙaho, ga dutsen wasawa. Ya tambaye shi ina za shi da makamai.

Sarkin Aska ya ce, "Ranka ya daɗe, aikinmu ɗaya da ku. Sai dai ni ina jiƙa kai tukuna."

Sojan ya yi dariya ya sallame shi. Amma ɗan makarantar nan, ana cire hularsa sumar ta miƙe a hankali, kamar ƙullu yana tashi. Suka durƙusar da shi, suka yi masa titi a tsakiyar kai. Mutanen mota na ta dariya. Ni ban yi ba. Ina kallon gashin yana zuba a kwalta, iskar wata babbar mota ta kwashe shi ta watsa cikin ciyawa. Na ce wa direba, don girman Allah ya taka motar nan.

Kawo zuwa Makera

Kafin azahar muka sauka Kawo. Jama'a, Kaduna gari ne. Benaye bisa benaye, motoci kamar tururuwa, mutum na magana da Hausa sai ka ji ya karkata zuwa Turanci bai ko numfasa ba. Muka shiga ƙaramar bas mai zuwa kudu. Da muka hau gadar kogin Kaduna na runtse ido, sai na ce a raina wa zai ba ni labari in ban gani ba, na buɗe. Ruwa shimfiɗe, duwatsu baƙaƙe a tsakiya, mata na shanya wanki a kai. Muna ƙetarewa iska ta canja, warin rini ya tare mu, ga dogayen bututu na fitar da hayaƙi.

Gidan da Mantau ke haya a Makera dogo ne, ɗakuna na kallon juna. Mai gidan ana ce mata Maman Ladi, Kirista ce daga Filato, tana sayar wa ma'aikata abinci. Tana jin ni ce kakar Iliya, haka take kiransa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa. Ta ce aikin safe yake, yanzu za a tashe su. Ta ce kwanakin nan ta hanyar jirgi yake zagayowa don kauce wa masu almakashi, amma yau tun safe sun kafa benci a Kakuri, unguwar masaƙar, daidai inda hanyar jirgin ta haɗu da babban titi.

Ruwan nan ban shanye shi ba. Maman Ladi ta sauke tukunya, ta ɗaura ɗankwali har gira, tana cewa ita ma ranar Lahadi sun karɓe mata hular gashi a hanyar coci, sabuwa fil. Ta ce mu biyo ta, ta san yanke.

Kakuri

Muna cikin lungu jiniyar masaƙa ta yi kuka. Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Maman Ladi a gaba, ni a tsakiya, Sarkin Aska a baya zabira na dukan ƙugunsa.

Muka fito fili. Ma'aikata sun fito kamar an buɗe dam, sojoji na tsince su ɗaya ɗaya. A gefen kwata an zaunar da samari a layi, gashi tuli a gabansu, ana ta tattakawa. Can kusa da ƙarshen layi na hango Mantau. Ya dafe hularsa da hannu biyu, wani soja na tsaye a kansa yana zungurinsa da bakin bulala.

Ban nemi izinin kowa ba. Na ratsa, na tsaya tsakaninsu. Sajensu ya taso, wani ƙaƙƙarfa, Hausarsa irin ta bariki, ya ce Mama ta koma gefe.

Na ce, "Ɗana, ba hana ku aiki na zo ba. Aski kuke so, aski na kawo, tun daga Bakori."

Ya sa Mantau ya cire hula. Tukkun ya warware ya sauko har kafaɗa. Malamin kwamiti ya matso, wani mai farin gemu da tabarau. Na ba su labari a tsaye, ban rage komai ba. Malam ya ce wannan camfi ne, rai da mutuwa a hannun Allah suke, gashi ba ya tsare kowa.

Na ce, "Gaskiya ka faɗa, Malam, shi ya sa na zo a cire. Uwarsa ce ba ta da ƙarfin zuciya irin naka. Huɗu ta binne."

Malam ya ja gefe. Maman Ladi ta ja saje gefe, suka yi ta yi da Turancin kasuwa, hannunta na tashi yana sauka. Daga baya ta gaya mini mutumin Binuwai ne, ya ce su ma a ƙauyensu akwai yaran da ba a taɓa musu kai sai uwa ta yarda. Saje ya dawo ya ce ya ba mu kafin su gama da sauran layin, amma kan ya fita tas, kada a bar ko sili.

Maman Ladi ta karɓo ruwan ɗumi wurin mai shayi. Sarkin Aska ya tsuguna, ya zaro askar, ya goga ta a tafin hannu, duk rahar nan tasa ta ɗauke. Na buɗe farin ƙyalle a bayan wuyan yaron, ni da Maman Ladi muka kama. Sai ga tirela ta taho, iskarta ta ɗaga gefen ƙyallen ta naɗe shi sama, aska kuwa ta riga ta hau. Kafin in yi motsi wani hannu ya cafke gefen. Na ɗaga ido, Malam ne. Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa, ya riƙe gam, ya ce wa wanzami, "Yi bismillah, malam, ka ci gaba."

Aska ta bi sau uku, tukkun ya faɗo cikin ƙyalle da ɗan nauyinsa. Sarkin Aska ya bi sauran kan, ya karkaɗe askar a ciki, ya duba wuyan rigar yaron ya tsince abin da ya maƙale. Na ƙulle ƙyallen, na ƙara ƙullewa. Rabona da guɗa tun rasuwar maigidana, amma ranar, a tsakiyar Kakuri, gaban sojoji, ita ta fito da kanta.

Mantau ya shafa kansa ya ce, "Tsohuwa, kin sa iska na shiga mini har ƙwaƙwalwa. Yanzu wace budurwa za ta dube ni?"

Na ce, "Da ma wa ya dube ka in ba ni ba? Tashi, angon banza, ka gaida mutane."

Sauran samarin da ke layi suka shiga roƙon saje, tunda dai askin ba fashi, a bar Baba ya yi musu. Saje ya ɗaga kafaɗa. Sarkin Aska bai miƙe daga wurin nan ba sai la'asar sakaliya, yana aski yana tsokanar kowa da siffar kansa.

Kwana a Makera

Da magariba Maman Ladi ta yi mana gwaten acca, abin da ban taɓa ci ba, na kuwa nemi ƙari. A ɗakinta na kwana, ta shimfiɗa mini tabarmar salla da hannunta ta nuna mini gabas. Ƙullin yana ɗaure a ƙuguna, ko alwala da shi nake zuwa.

Da safe muka fitar da sadakar da liman ya ce. Aka soya waina kwano biyu, aka raba wa yaran layin, na masallaci da na coci, ba a tambayi kowa ba. Mantau ya kawo mini turmin atamfa na masaƙarsu, ya raka mu har Kawo, kansa a buɗe, yana tafe yana gaida sojoji.

Komawa gida

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai barci. A shinge ba wanda ya kula mu. Mun bar Kaduna da hantsi, muka yi azahar a Zariya, rana na shirin faɗuwa muka shiga Bakori.

Hajara na zaune a bakin zaure, an ce tun jiya take wurin. Na kwance ƙullin na sa mata a cinya. Ba ta buɗe ba sai da muka zagaya bayan ɗaki. Ta hana kowa taɓa fartanya, ita ta haƙa ramin, ta sa ƙyallen, ta mayar da ƙasa, ta daddanne da tafin hannu. Ta daɗe a tsugune. Can ta ɗago ta ce, "Inna, yaya kansa yake? Ban taɓa ganinsa haka ba."

Na ce mata kan ubansa ne sak, har da 'yar lotsawar nan ta ƙeya. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, hawaye na bin yatsunta.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Sarkin Aska da ya bi tsohuwa da gudu cikin lungunan Kaduna, da Maman Ladi da ta bar tukunyarta saboda ɗan wata. Saje da Malam kuwa ban san sunansu ba, ban kuma sake ganinsu ba. Duk inda suke, Allah ya raya musu nasu.