Inda Gamba Ke Fin Mutum Tsawo

Shekarun baya, da aka zo faɗaɗa hanyar ƙauyenmu a ƙasar Kudan, aka sare wani tsohon maɗaci da kakana ya dasa. Mahaifina ya je wurin. Iri ya tsinta a gindin, ya rene shi a leda, goma sha biyu suka tsiro. Burinsa kada irin bishiyar mahaifinsa ya ɓace. Lokacin idonsa ya soma mutuwa, sai dashen ya faɗo kaina.

Ya ce, "Ka kai su gangare, inda gamba ke fin mutum tsawo. Ƙasar can tana da zurfi."

Ni kuwa ban daɗe da samun aikin ofis a Makarfi ba, kaina na hayaƙi. Na ce a raina, wa zai gan su a gangare? Sai na ja igiya a tudu, bakin titi, don masu wucewa su yaba. Ramin bai kai gwiwa ba diga ta daki marmara. Wallahi na ji ƙarar! Amma na ce takin zamani zai gyara. Na dasa sha ɗaya. Na ƙarshen ya yi yaushi, na yar da shi.

Damina biyu suna kore shar. A ta uku suka tsaya cak. Kullum ya tambaya, sai in ce, "Suna ta girma, Baba."

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ce in kai shi wurin bishiyoyin. Tun kafin mu isa ya ce, "Tsakuwa nake takawa." Ya lalubi ɗaya, kaurinta bai fi na sandarsa ba.

"Da kana haƙa, ba ka ji dutse ba?"

"Na ji, Baba."

"To, ita ma ta ji."

Iyakar maganarsa ke nan. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa. A ranin nan duk suka bushe. Na tumɓuke ɗaya, na tarar saiwar ta lanƙwashe, ta kwanta a kan marmara. Na zauna na yi kuka, gemai-gemai da ni.

Da kaka muka je gangare yankan gamba don zana, sai ga maɗaci a tsakiyar ciyawa, ya fi ni tsawo. Mahaifiyata ta dafe ƙirji ta yi salati. Ashe ita ta tsinci wanda na yar, ta binne shi a can, ta ɗauka ya mutu tuntuni.

Yau manoma na hutawa a inuwarsa, suna sa wa mahaifina albarka. Ni ma ban ƙara dasa ko dogon yaro ba sai na haƙa har ƙugu. Amma har gobe ba na iya daɗewa a inuwar nan. Baba ya rasu yana zaton babu ko ɗaya da ya rage.