Hannun Dama, Idon Hagu

Ƙanena mai gyaran agogo ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, kuma in na ce shago, kara kawai nake yi masa. Akurki ne mai tagar gilashi. In ya zauna gwiwarsa na taɓa tebur, ƙeyarsa na taɓa bango, in zai miƙe sai ya sunkuya don kada siminti ya gaisa da kansa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana ciki, da ɗan gilashin nan na masu gyara maƙale a ido, yana tonon cikin agogunan mutane. Mu a gida Auta muke ce masa, har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ni ce babbarsu, shekara tara na ba shi.

Wuri ɗaya na sani a duniya da Auta yake miƙe kafaɗunsa har iyakarsu, shi ne filin harbin baka da ke bayan babban filin wasa. Fili ne mai tsawo, an kewaye shi da waya, a can ƙarshe an jera alluna masu zobba kala-kala, tsakiyar kowanne rawaya ce. Ranar Laraba da yamma da Asabar da safe yake zuwa. Daga nan in Asabar ce sai ya biyo gidana ya ci abincin rana, al'adar da ko aurensa bai kashe ba.

Duk shekara ƙungiyarsu takan yi gwaji ta zaɓi mutum huɗu da za su tafi babbar gasa, a ba kowa riga mai tambarin ƙungiya. Shekara goma sha tara Auta yana shiga gwajin nan. Sau goma sha uku ya zo na biyar. Na biyar kuwa shi ne mai raka su tasha, ya taya su loda jakunkuna, ya ɗaga musu hannu. Shi ya sa a filin suke kiransa Saura Ƙiris, shi kuma ya amsa yana dariya. Ni dariyar ba ta taɓa ruɗa ta ba. Na san a kabad ɗinsa akwai maratayi guda da ya hana matarsa rataya komai a kai.

Matsalarsa ɗaya ce, kowa ya san ta. Yana riƙe baka da hagu, ya ja tsirkiya da dama zuwa haɓarsa, ya runtse idon hagu ya saita da na dama. Kibau ashirin na farko sai su tafi lafiya. Da gajiya ta fara shigowa, idon hagun nan sai ya soma buɗewa da kansa, kibau kuma su riƙa zamewa zuwa hagu. Ba abin da bai ɗora wa laifi ba. Ya zargi iska, ya zargi tsirkiya, ya kwance ma'aunin saitin bakan ya ɗaure ya fi sau ɗari, don shi a ganinsa duk abin da ya ƙi tafiya daidai akwai wani ɗan noti da ya saki. Har tsumma ya taɓa liƙawa a gefen tabarau, ya dawo da ciwon kai kamar zai tsage.

A bana ne ya fara ganin wani dishi-dishi a idon dama, daidai tsakiyar duk abin da ya kalla. Ni na raka shi wurin likitan ido, don in aka bar shi sai shekara ta zagayo bai je ba. Likita ya ce tabo ne a can bayan idon, tabarau ba ya gyara shi, kuma a hankali zai yi ta faɗaɗa. Na hagun kuwa garau yake. Da muka fito Auta bai yi maganar sana'arsa ba, bai yi maganar iyalinsa ba. Cewa ya yi, “Yaya, ke nan bana ce ta ƙarshe da zan ga rawayar.” Na ji kamar in mangare shi, na kuma ji tausayinsa.

Daga asibitin filin ya nufa, ni kuma na bi shi don kada ya tsallaka titi da idon da aka ɗiga wa magani. Sun yi sabon koci, wani siriri mara yawan magana da suke kira Dogo. Ya saurari bayanin likita har ƙarshe, sannan ya ce wa Auta ya ajiye bakan.

“Miƙe hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakani. Leƙa allon can ta ciki, idanu biyu a buɗe. Yauwa. To jawo hannun a hankali zuwa fuskarka, kada allon ya ɓace maka.”

Hannuwan suka taho suka sauka a kan idon hagu. Aka sake, suka koma can. Aka yi na uku, haka.

“Idonka na hagu shi ne jagora,” in ji Dogo. “Kowa yana da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi yarda da shi, kamar yadda yake da hannu. Kai shekara da shekaru kana rufe bakin wanda ya fi gani, shi kuma yana ƙwacewa. Wa ya sa ka a ɓangaren dama?”

Auta ya ce tsohon kocinsu ne, Allah ya jiƙansa. Ranar farko ya jera su a layi yana tambayar kowa da wane hannu yake cin abinci. Wanda ya ce dama, a miƙa masa bakan dama.

Dogo ya dube shi ya ce, “Bahago aka haife ka?”

Auta ya waiwayo ya kalle ni, kallo ɗaya, sannan ya mayar da kai ƙasa.

Bari in faɗi nawa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yana shekara uku, ina sha biyu, mahaifiyarmu ta lura komai da hagu yake kamawa. Ita aiki take fita tun safe, sai ta damƙa mini shi, ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na kuwa tanƙwara. Nakan zauna kusa da shi lokacin cin abinci da ludayi a hannuna, da ya miƙa hagu sai in ce “Hannu!” in sauke masa bayan ludayin a kan yatsu. Da ya fara riƙe fensir, safa na zura masa a hagun na ɗaure da zare. Kafin ya cika shida yana ci da dama, yana rubutu da dama, 'yan uwa na ta yaba mini. Ba zan yi ƙarya in ce dole aka yi mini ba. Daɗin mulkin na ji.

Ina tsaye a filin nan sai wani abu ya faɗo mini. Ɗan gilashin gyaran agogo, wanda na fi sau dubu ina ganinsa da shi, a idon hagu yake maƙala shi. A cikin akurkin nan, inda ba mai tsaye a kansa, jikinsa ya daɗe da sanin gaskiya. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Dogo bai ɓoye masa komai ba. Ya ce akwai maharba da yawa da idonsu da hannunsu suka saɓa, suna rufe ido ɗaya su yi harbinsu lafiya, amma shi idon da zai dogara da shi ne yake tafiya. Hannu ana koya masa, ido ba a koya masa. Sai dai kafaɗa da baya da yatsu suna bukatar shekara guda, wataƙila biyu, kafin su saba da ɗaya ɓangaren. Gwaji kuwa saura mako shida.

“Ba a fafe gora ranar tafiya,” in ji Dogo. “In ka bi shawarata, ka bar bana ta wuce.”

“Shekarata arba'in da huɗu,” Auta ya ce. “Yaran da ke tasowa ba jirana za su yi ba.”

Bakansa ma ba ya juyuwa. Irin na zamani ne, an fafe mariƙinsa ta gefe ɗaya don kibiya ta kwanta, na dama daban, na hagu daban. Wanda ya lallaɓa shekara tara kamar jariri ya zama ba shi da amfani. A ɗakin ajiyar ƙungiya aka tono masa wani tsohon bakan hagu da fentinsa ya kwaile.

Makonni shidan nan ban ga Auta ya zauna daidai ba. Yatsun hagu suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi. Tsirkiya ta riƙa dukan damtsensa na dama har ya yi shuɗi. A shago hannunsa na rawa, ranar nan na tarar da shi durƙushe a ƙarƙashin tebur yana laluben wani noti da bai kai ƙwayar gero ba, mai agogon na tsaye yana tsaki. Ran Asabar nakan shafa masa man zafi a kafaɗa ina yi masa faɗa, don ni ban iya ba da haƙuri ba sai da faɗa.

“Wai dole ne? Riga ce fa. In riga kake so in sa a ɗinka maka goma.”

“Yaya, ba ki gane ba. In na ja da hagu, rawayar nan nake gani kamar an wanke ta. Ban taɓa sanin haka take ba. Amma hannun ba ya jin maganata. In na koma dama kuma, hannu ya san hanya, ido ne ba ya gida.”

Na ci gaba da murza kafaɗar. Can na ce, “Da ban ɗaure maka hannun nan ba...”

“Ke ma yarinya ce lokacin,” ya ce. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar gwaji ya zo da baka biyu, ɗaya a kowace kafaɗa. Kibiya saba'in da biyu kowa zai harba, shida-shida, da hutu a tsakiya. Na zauna a benci bayan waya. Ya daɗe yana kallon jakunkunan biyu, sannan ya buɗe ta hagu. Da suka jeru a layi kowa ya ba da baya gefe guda, shi kaɗai ya juya yana fuskantar maƙwabcinsa, har wani ya yi masa ba'a.

Kibau goma sha takwas na farko, ban taɓa ganin ya yi harbi irinsu ba. Suka taru a rawaya da jan da ke kewaye da ita, ba wadda ta zame hagu. Mai ba'ar ya yi tsit. Na ga Dogo ya cire hularsa ya mayar. Ni kuwa zuciyata har ta fara rataye riga a maratayin nan.

A zagaye na huɗu kafaɗar ta fara rawa. Na biyar, tsirkiya ba ta kai haɓarsa sai ya sake ta. Na shida, bororo ya fashe, jini ya ɓata fatar da yake sawa a yatsu, kibiya ɗaya ko allon ba ta taɓa ba. Da aka busa usur na hutu ya zauna a ƙasa, hannun hagun na kwance a cinyarsa kamar na aro.

Bayan hutu ya ɗauko tsohon abokinsa na dama. Hannun ya ja tsirkiya sumul har haɓa, kamar jiya ya ajiye. Sai dai idon hagun da ya ɗanɗana mako shida a buɗe ya ƙi rufuwa ko na kibiya ɗaya. In ya matse shi da ƙarfi, dishi-dishin dama ya zauna daram a kan rawayar. In ya sassauta, kibiya ta tafi hagu. Haka ya harba talatin da shida, yana matsewa yana sassautawa, ina kallon fuskarsa na murɗewa.

Na tara ya zo. Da aka karanta sakamako ba wanda ya kira shi Saura Ƙiris. Suka riƙa dafa kafaɗarsa suna wucewa, Dogo ya ce su haɗu ran Laraba, shi kuma ya gyaɗa kai yana naɗe tsirkiya.

Muka dawo gidana. Na shimfiɗa leda a kan tebur, na kawo tukunya na zuba masa shinkafa, ina tsaye a kansa ina ƙara masa miya. Ya gaji har idonsa na lumshewa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki cokali, da hagu, a sake, yatsun sun zauna a kai kamar can ne gidansu.

“Hannu!”

Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. Bayan ludayin ya riga ya sauka a kan yatsun nan masu ciwo, miya ta fantsama a ledar. Shekara arba'in da ɗaya, ashe abin yana nan a damtsena yana jira.

Auta bai ɗago ba. Ya mayar da cokalin hannun dama, ya sauke hagun ƙarƙashin tebur.

“Yi haƙuri, Yaya,” ya ce.

Na zauna a kujerar da ke kallonsa da ludayin a cinyata, ina so in ce masa ya mayar da cokalin hannun hagu. Da dama ya cinye abincinsa tas.